A Ajin Surukina

Na haura hamsin da 'yan kai lokacin da na ɗauki jaka na koma aji. Ba komai ya kai ni ba sai haushi. Na shekara da shekaru ina shugabantar makarantar 'yan mata, amma duk lokacin da ma'aikatar ilimi ta kira mu taron bita a Jimeta, sai a tsayar mana da wani yaro da bai gama fitar da gemu ba, a ce dakta ne, ya haska majigi a bango ya koya mana yadda ake riƙe aji. Idan na yi gyara, sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wannan a aikace ke nan, amma a ilmance ba haka ba ne." Wata rana na dawo gida Mbamba, na jefar da jaka, na ce wa maigidana ni ma zan je in ga wannan ilmance da idona. Ya ce to, ai gemu ba ya hana ilimi. Na ce masa ni ko gemun ma ba ni da shi.

Ma'aikata ta ba ni hutun ƙaro karatu bisa sharaɗi guda: in gama kwasa-kwasan aji cikin shekara ɗaya, domin ritaya ta kusa, ba za a ƙara mini lokaci ba. In na faɗi kwas ɗaya, maganar digirin dakta ta mutu ke nan, sai dai in koma ofis in jira sallama. Na amince ba tare da wani dogon tunani ba. A lokacin ban ga abin da zai kayar da ni ba.

Ajinmu ba shi da yawa, kuma duk tsofaffi ne. In malami ya ce a tashi a matsa kujeru, sai ka ji gwiwoyi suna ƙara. Biyu daga ciki su ne suka shiga labarin nan. Akwai wani alhaji Babarbare mai makarantar Islamiyya da shagon huluna a Dubeli. Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, shi kuwa ya riƙe wasan nan da hannu biyu. Tun ranar farko ya sanar da aji cewa ni baiwarsa ce, shi ya ba ni izinin zuwa karatu. Sai monitarmu, wata malama Kirista 'yar wajen Ganye da ta kama ɗaki a Sangere kusa da jami'a, mace mai ƙarfin murya da farar zuciya. Hausarta irin ta Jimeta ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Muna ce mata Madam, ita kuma tana ce mini Mama.

Zangon farko na sha sharafina. Kullum in fito daga Mbamba da sassafe, in ratsa Jimeta, in haye gadar Binuwai, in sauka a Sangere, in kama kujerar gaba. Ba malamin da zai kai ƙarshen magana ban ɗaga hannu ba. Har wani farfesa ya roƙe ni, don girman Allah, in bar sauran su ma su ji muryarsu.

A zango na biyu akwai kwas na dole a kan hanyoyin binciken abin da ke faruwa cikin aji. Farfesan da ke koyar da shi ya tafi hutun shekara, kuma ba a gaya mana wanda zai maye gurbinsa ba. Ranar laccar farko ana zafi irin na Yola, fanka tana juyawa don cika umarni kawai, ni kuma ina kujerar gaba na cika baki da gyaɗa. Ƙofa ta buɗe. Ban ga fuska ba, takalma na gani, kuma na san takalman. Surukina ne, mijin 'yata ta fari.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce to, sai me? A wurinmu 'yar fari ma ba a kiran sunanta, ba a sakin jiki da ita a gaban mutane, balle mijinta. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa furta sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon fuskarsa ba. Shi ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, yaron kirki ne, kullum yana cikin addu'ata. Kunya ce, wadda muke ce wa semteende, kuma a Yola macen da ba ta da ita, ko digiri goma gare ta ba a ɗaukarta a bakin komai. Na san yana koyarwa a tsangayar, amma kafin in nemi shiga sai da na aika aka bincika mini, aka tabbatar 'yan digirin farko kawai yake ɗauka. Duk zangon farko ta bayan gini nake zagayawa, cikin ciyawa da ƙaya, don kada in bi ta ƙofar ofishinsa.

Da ya gan ni, littattafan hannunsa suka zube. Ya tuɓe takalma nan bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Madam ta zabura da gorar ruwa, ta ɗauka zafi ne ya kayar da shi.

"Dada, a waali jam?" in ji shi, murya can ƙasa, yana tambaya da Fulatanci ko na kwana lafiya, Dada kuwa uwa ke nan.

Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na juya wajen bango. Gyaɗa tana bakina, ba damar taunawa, ba damar tofarwa. Da ƙyar na ce jam. Ya tambayi gida, na ce jam. Ya tambayi Baba, wato maigidana, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Mbamba, gaisuwarmu kuwa ba ta da gajeriya. Dukan aji suka zuba ido suna kallon malaminsu a tsugune yana gaida ƙeyata.

Alhaji ne ya fara ganewa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ikon Allah," ya ce, "yau Fulani biyu sun faɗa rami ɗaya. Dakta, tashi don Allah, mu ma karatu muka zo."

Ranar ba takalmi ya yi lacca, fuskarsa a allo, bayansa gare mu, yana yi wa allon raɗa. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya.

Ana tashi na nufi ofishin shugaban sashe, na tarar har surukin nawa ya riga ni. Da ya ji sallamata ya sulale ta ɗaya ƙofar. Shugaban sashen dattijon farfesa ne, ba Bafulatani ba, amma ya daɗe a Yola, ya san abin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce babu wani malamin da zai ɗauki kwas ɗin bana. Abin da zai iya yi shi ne, shi da kansa zai riƙa duba duk abin da na rubuta, don kada a ce an yi son kai. Amma a ƙarshen zango akwai samina. Kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji ya feɗe wata takarda, ya fito da kurakuranta, malamin kwas ya yi masa tambayoyi, shi kuma ya kare kansa. Wanda bai yi wannan ba, bai ci kwas ba.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya yi a rubuce ba?"

"Hajiya, digirin dakta da baki ake kare shi."

Na fito cikin zafin rana. Abin ya rabu gida biyu, ko in ci kwas, ko in riƙe kunyata, kuma ni duka biyun nake so.

Madam ce ta kawo dabara. Ta sa aka kai kujerata can ƙurya, bayan wani tsohon kabad, ita kuma ta zauna kusa da ni. In ina da tambaya, sai in raɗa mata, ita ta faɗa. Matsalar ita ce Madam ba ta iya ɗauko magana yadda aka ba ta ba. Sai in ce, "Ko za a ɗan ƙara bayani a nan?" Ita kuma ta miƙe ta ce, "Dakta, Mama ya ce wannan abu da ka faɗa, shi bai yarda ba sam-sam." Shi kuma sai ya kalli fanka ya ce, "Madam, ki gaya wa Dada cewa," ya jero amsa mai tsawo, ina jin kowace kalma da kunnena. Yana gamawa Madam ta juyo ta ce, "Mama, ya ce ka je ka karanta littafi." Alhaji ya ce ya sha jin labarin tafinta tsakanin Bature da sarki, amma bai taɓa ganin tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya ba sai a ajinmu.

Da surukina ya gano cewa zai iya lacca muddin idonsa yana kan fanka, sai muryarsa ta dawo. A nan na ga abin da ban zata ba, yaron ya iya koyarwa. Ya tura mu makarantun firamare na Jimeta, kowa ya zauna a bayan aji ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, ban da abin da zuciyarsa ta yanke. Na ce wannan ai wasan yara ne, ni da na tsufa ina leƙa azuzuwa. Na je na rubuta cewa wata yarinya malalaciya ce, malamin kuma ba shi da kuzari. Da muka dawo sai ya ce wa fanka, a hankali, lalaci ba ya ganuwa da ido. Abin da ake gani shi ne yarinya ta kifa kai a tebur, dalilin kuwa sai an bincika. Bai ce wa ya rubuta ba. Madam ta zungure ni da gwiwar hannu yadda kowa zai gani. Na ji haushi, na kuma ji daɗi, domin gaskiya ya faɗa. Na koma makarantar na sake zama, sai na lura yarinyar ba ta kifa kai sai rana ta shigo ta taga ta doke ta a ido.

Amma wannan gyara na bayan fage ne. Ido da ido, ko in ce ido da kabad, ba ya iya ce mini na yi kuskure. Wata rana ana maganar yadda mai bincike zai zaɓi ajin da zai zauna a ciki. Na sa Madam ta faɗa cewa hanya mafi kyau ita ce a tambayi shugabar makaranta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Alhaji ne ya faɗi haka, da ya sha bayani: shugaba ajin da ya fi kyau za ta nuna maka, ka koma gida da labarin ƙarya. Ni da kaina na san hakan nake yi in baƙi sun zo. Amma da yake ni ce, sai surukina ya share gumi, ya ce, "Akwai hikima a maganar Dada."

Na ɗauki hikimata na zuba ta gaba ɗaya a gwajin tsakiyar zango, shafi bayan shafi. Farfesa, shugaban sashe, ya dawo mini da takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. Ni ce ta ƙarshe a aji. Har Alhaji, wanda rabin lacca yake yi yana amsa wayar masu sayen hula, ya fi ni. Ya zo har bayan kabad ya yi mini jaje, ya ce kada in damu, in karatu ya gagara yana neman mai tallan nono a ƙofar shagonsa.

A kan hanyar komawa gida ranar na gane inda aka nufa da ni. Yaron nan zai girmama ni har in faɗi. Ni kuma zan yi ta jin kunyarsa har in koma ofis hannu rabbana. Ba wanda ya yi laifi a cikinmu, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don ba ni da wanda zan yi wa faɗa.

Da lokacin samina ya matso, aka kawo takardun da za mu feɗe, aka ce a yi ƙuri'a. Ɗaya daga ciki ta malamin ce da kansa, wata dabara da ya tsara yana shirin kai ta makarantun ƙauye, ya sa ta a ciki don mu ga ba ya tsoron suka. Aka naɗe 'yan takardu aka zuba a hular Alhaji, shi ya zagaya da ita. Ni ce ta ƙarshe da ya kawo wa, saura ɗaya a ciki. Har gobe ina zargin yana riƙe da ita a tafin hannu tun farko, shi kuma har gobe yana rantsuwa cewa rabo ne. Na buɗe, na ga sunan da ba na faɗa.

Na kai takardar gida na karanta. Dabarar ita ce, mai bincike ya zauna a aji ya lura da 'yan matan da ke ɗaga hannu da yin tambaya, da waɗanda ke yin shiru. Masu shiru, in ji shi, alama ce darasi ya wuce su, galibi saboda Turanci, don haka su za a fara kai wa ɗauki. An rubuta ta da kyau, tsaf-tsaf, har na ji alfahari da cewa jikokina jininsa ne. Amma tun kafin in kai ƙarshe na san ta zube, kuma na san inda ta zube. Da ba a sa ni bayan kabad ba, wataƙila da na yaba na wuce.

Ana cikin haka 'yata ta zo Mbamba. Ita ma'aikaciyar jinya ce, 'yar zamani, kunyar nan ba ta dame ta yadda ta dame ni ba. Ta zauna ta ce, "Dada, mutumin nan fa ya daina cin abinci. Ya ce in roƙe ki, kada ki tausaya masa. Wai in kika lallaɓa takardar, Farfesa zai kayar da ke, shi kuma ba zai iya shigowa Mbamba ba har abada."

Ban dube ta ba, tunda 'yar fari ce. Na dubi butar da ke gabana na ce, "A gaya wa mutanen gidan can su ci abinci."

"Shi ke nan saƙon?"

"A ƙara da cewa an ji."

Ta tashi tana dariya, ta ce wallahi mu biyu mun ishe ta, gwamma marasa lafiya, su aƙalla suna faɗin inda ke musu ciwo.

Ranar samina na sa babban mayafi, wanda nake zuwa ta'aziyya da shi. Farfesa ya zauna a gefe da biro. Surukina ya koma can baya, ya samo wani gajeren benci don kada ya fi ni tsawo ko a zaune. Na tsaya a gaba na fuskanci taga, yadda ba zan gan shi ba. Na fara da cewa mai wannan takarda ya yi ƙoƙari.

"Wane ne mai takardar?" in ji Alhaji. "Ƙa'ida ce a ambaci marubuci. Mu ba mu san shi ba."

"Mai takardar," na ce.

"Farfesa, a tambaye ta."

Farfesa ya ce sunan yana rubuce, Alhaji ya sa tabarau ya karanta da kansa. Na ci gaba. Na yabi tsarin takardar, na yabi Turancinta, na yabi tsabtar bugunta, na kusa yabon iyayen da suka haifi mai ita. Sai Farfesa ya ƙwanƙwasa tebur da biro ya ce, "Hajiya, ba biki muka zo ba." Na ga ya fara rubuta wani abu, kuma na san ba alheri ba ne. Madam ta ce a raɗa, irin raɗarta da ake ji har Sangere, "Mama, ka buga shi mana."

Na runtse ido na ce wa taga, "Ni nan da kuke gani, tun da aka shiga zangon nan ban ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. A ma'aunin mai takarda, ni ce wadda darasi ya wuce, Turanci ya gagare ni. To, ba Turanci ya rufe mini baki ba, kowa a nan ya san abin da ya rufe shi. A ƙauyukan da za a kai wannan dabara, malamin aji bappan wata ne, kawun wata ne, wata kuma yayan wanda aka yi mata baiko da shi ne. Yarinyar da ta fi kowa ganewa tana iya zama ita ce ba za ta taɓa buɗe baki ba. Mai takarda ya shirya ƙirga hannuwa, amma bai shirya tambayar wane ne wa a ajin ba."

Na ɗauka an gama, surukina zai ce akwai hikima, Farfesa ya ba ni abin da ya ga dama. Sai na ji benci ya yi ƙara.

"A'a, Dada, ba haka ba ne."

Murya ce da ban taɓa ji ba, mai ƙarfi, ta malamin da aka taɓa masa aiki. Ya ce, "Kin kawo kanki misali. To, misalin nan nawa ne, ba naki ba. Kin yi shiru, kuma a gwaji ke ce ta ƙarshe. Ma'aunina bai yi ƙarya a kanki ba."

Madam ta ɗora hannu a ka. Alhaji ya ce la'ilaha illallahu. Ni kuwa ban san lokacin da na juya ba. Na dube shi, tsakiyar ido.

"Na zo ta ƙarshe ne don an ce mini akwai hikima a maganata."

"Ko ma mene ne dalili, shirun ya hana ki ganewa. Sakamakon ɗaya ne."

"Sakamako ɗaya, magani daban. Kai littafin Turanci za ka aika, alhali malami ya kamata a canza."

"A wane ƙauye za ki sami malamin da ba kawun kowa ba ne?"

Abin da na ji a lokacin ba fushi ba ne, daɗi ne, daɗi mai yawa. Na daɗe ba a tare ni haka ba. A makaranta ni ce shugaba, in na ce rana ta fito daga yamma sai malamai su ce ai tun jiya suka lura. A gida maigidana ya gano tun da daɗewa cewa "to" ta fi sauƙi. Ga shi yau wani ya tsaya yana neman kayar da ni da gaske, da hujja, kuma sai na yi tunani kafin in rama. Na ce ba sai an canza malami ba, a bar yara su amsa a rubuce, ko su tattauna tsakaninsu mai bincike ya saurara. Ya ce a gaban baƙo ma kunyar za su ji. Na ce kunyar baƙo daban, ta suruki daban, in bai sani ba ya tambaye ni. Ya taho gaba ya ɗauki alli, na karɓe allin daga hannunsa na gyara masa zanen. Ya ce na yi daidai a nan amma na ɓata can. Na duba, na ga da gaskiyarsa, na ce da gaskiyarka. A tsakiyar wannan ne na lura babban jikana goshinsa ya ɗauko, har da yadda yake tattare shi in an ƙure shi.

Kiran sallar azahar ne ya dawo da mu hayyacinmu. Na ga mayafina a kafaɗa, hannuna fari fat da alli, ina tsaye kusa da mijin 'yata har ina jin ƙamshin turarensa. Shi ma ya ga inda yake. Ya ja da baya, ya sunkuya, ya fice ba tare da littattafansa ba. Na ja mayafi har haɓa. Alhaji ya share hawayen dariya ya ce yau ya ga abin da zai ba jikokinsa labari, Madam kuwa ta rungume ni tana cewa, "Mama, ka kashe shi, shi ma ya kashe ka." Farfesa ya rufe bironsa ya fita.

Na yi kwanaki ina jin nauyin abin. Ina tunanin yadda labari zai kai Mbamba, a ce an ga wance tana sa-in-sa da surukinta a gaban Barebari. Labarin ya kai kuwa, ƙanwar maigidana ta zo takanas ta tambaye ni ko boko ya fara taɓa ni. Laccocin da suka rage na koma bayan kabad, shi ya koma wa fankarsa, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Sakamako ya fito, na ci kwas ɗin, kuma a samina ba wanda ya kamo ni.

Bayan an gama kwasa-kwasai, Farfesa ya kira mu ɗaya bayan ɗaya don a raba masu duba kundin bincike. Na riga na san abin da zan yi aiki a kai, shirun 'yan mata a aji. Na kuma san mutum ɗaya tak a duk tsangayar da zai hana ni yin ƙarya a aikin. Farfesa ma ya sani. Ya ce shi zai zama babban mai dubawa, amma ayyuka sun yi masa yawa, na biyun shi ne zai zauna da ni a kan kowane babi, kuma doka ba ta hana ya zama wanda nake tunani ba.

"Sai dai ba zan ɗora miki shi ba, kuma shi ba zai nema ba," ya ce. "Ki faɗi sunan wanda kike so da bakinki, in rubuta."

Ya ɗaga biro yana jira. Sunan yana kan harshena, gajere ne, ba wuyar faɗa. Na tuna cewa ba rana ɗaya ba ce wannan karon, shekaru ne, ni da shi a ofis ɗaya muna musu, ƙofa a buɗe, duk Yola tana ji. Na tuna 'yata, da yadda za a riƙa nuna ta a gidan biki. Ina son abin nan, ban taɓa son wani abu na karatu kamarsa ba, kuma na san in na bari ya wuce ba zai dawo ba. Na dubi ƙasa na faɗi sunan wani tsohon malami mai haƙuri, wanda ke gyangyaɗi a samina.

Farfesa ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ya rubuta.

Wannan tsohon shi ya duba mini aikin har na gama, Allah ya saka masa da alheri. Duk babin da na kai masa sai ya ce ya yi kyau, Hajiya. Ko sau ɗaya bai taɓa musa mini ba.